Kun ɗauko ɗan takara a ka, kun tambaye shi maganar VAT kuwa?

Daren Asabar ɗin da ta wuce na biya ta bes ɗin yaran unguwarmu, wato majalisarsu, nan Aboabo a Kumasi zan karɓi cajar wayata wurin ɗan yayata, sai na tarar wurin ya cika maƙil, ataya na kan wuta, an shimfiɗa wata ƙatuwar bana a ƙasa ana jiran fenti ya bushe. Wai ƙungiyar magoya baya suka kafa wa wani babban mutum da suke so jam'iyyarsu ta tsayar a 2028. Ba zan kama sunansa ba kada gobe a ce kamfen nake masa ko ɓatanci, kuma ma ba shi ne damuwata ba.

Abin da ya burge ni, ba wanda ya ba su ko kwabo. Karo-karo suka yi sidi ashirin-ashirin suka buga tishat, mai tuƙa pragya, babur mai ƙafa uku, ya ce shi zai riƙa ɗaukar lasifika kyauta, wani kuma ya buɗe musu guruf a WhatsApp yana ta zuba hotuna har asuba. Sai na zauna na karɓi kofi na ce to samari, mutumin naku me ya ce a kan haraji? VAT ɗin nan, harajin saye da ke cikin sabulu da sukari da katin waya, zai rage ne ko zai ƙara?

Shiru. Can sai ɗan yayan nawa ya ce "Kawu ai mutumin kirki ne, ya san talaka." Wani ya ce ya gina masallaci a garinsu. Ɗaya daga cikinsu da ke karatu a Tek, wato jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, shi ne ya yi ƙoƙari, ya ce shi dai ya kalli wani bidiyo na Amurka inda ake cewa a soke harajin albashi kwata-kwata a bar haraji ɗaya tak a kan abin da mutum ya saya, kowa ya biya daidai cinsa, wai wannan ne adalci kuma da ma Gana za ta yi haka. Duk suka gyaɗa kai, magana ta yi musu daɗi.

Na dawo gida abin yana cina. Ra'ayina shi ne, harajin da ake ɗorawa a kan saye ya fi cin talaka nesa ba kusa ba, ko da a takarda kowa kashi ɗaya yake biya, kuma duk wanda zai ba ɗan takara guminsa da muryarsa kyauta tun kafin zaɓen fid da gwani to wajibi ne ya fara jin bakinsa a kan wannan harajin. Yanzu ne kawai yake da kunnen sauraronku, in ya samu tikiti sai dai ku gan shi a talabijin.

"Ai kowa na biya, ina rashin adalcin?"

Wannan ita ce hujjar da ta fi daɗin ji, shi ya sa na fara da ita. Mu ɗauki misali kawai. Hajiya mai wake da shinkafa a bakin titi, a ce bayan ta cire uwar kuɗi tana samun sidi 1,500 a wata. Ba abin da take ajiyewa, duk tafiya yake. A ce 900 daga ciki ya tafi a kayan da ke da haraji, sabulu, omo, man girki na galan, tumatirin gwangwani, madara, katin waya, takalmin makarantar yara. In harajin kashi 20 ne aka ɗora a kan farashi, to a cikin 900 ɗin nan 150 na gwamnati ne. Kashi 10 na duk abin da ta samu kenan.

Ga kuma wani mai gida a Nhyiaeso da ke samun sidi 30,000 a wata. Komai cinsa ciki ɗaya gare shi, a ce ya kashe 9,000 a irin waɗannan kayan, harajinsa 1,500. Ya fi Hajiya biya sau goma, gaskiya ne, amma kashi 5 ne kawai na samunsa. Sauran kuɗin ya sayi fili, ya sayi dala ya ajiye, ya tura wa ɗansa da ke Ingila, duk VAT bai gan su ba.

To wa aka fi matsa wa? Wadda duk abin da ya shigo hannunta sai ya bi ta kanti kafin wata ya ƙare. In ka ɗora wa jaki da akuya buhu iri ɗaya ka ce ka yi adalci, akuyar ce za ta ba ka amsa.

Shi kuma bidiyon da yaron ya kalla, tsarin da ake kira FairTax ne, kuma ba sabon abu ba ne. Labarinsa ma ya yi kama da na yaran bes ɗinmu. A 2007 akwai wani tsohon gwamnan jihar Arkansas, Mike Huckabee, da ya fito neman tikitin jam'iyyar Republican ba shi da kuɗi irin na su Mitt Romney, amma masu son wannan tsarin harajin suka rungume shi tare da 'yan coci, suna bin taro-taro da kwalaye da motocinsu, har ya zo ya ci jihar Iowa a watan Janairun 2008 kowa ya sha mamaki. Tikitin dai a ƙarshe John McCain ne ya ɗauka, tsarin kuma har yau bai zama doka ba.

Akwai wata dabara a lissafinsu da ya kamata yaron nan ya sani. Suna cewa harajin kashi 23 ne. Amma kayan dala 100 za ka biya 130, su sai su ce ai 30 a cikin 130 kashi 23 ne. Duk ɗan kasuwar Kejetia ya san in ka ɗora 30 a kan 100 to talatin ka ɗora. Kuma su kansu sun san abin zai danne talaka, shi ya sa suka sa a tsarin cewa gwamnati za ta riƙa tura wa kowane gida wani kuɗi duk wata don rage zafi. Yanzu dan Allah ku faɗa min, a nan wa zai zauna jiran gwamnati ta turo masa kuɗin rage zafi duk wata a kan lokaci? Ku tambayi masu dafa abincin makarantu watanni nawa suke bin bashi.

Amma abu ɗaya na yaba wa mutanen Huckabee, su sun san abin da suke so, suka nemi wanda ya yarda da shi suka bi shi. Mu kuma mukan fara bin mutum tukuna, daga baya mu ji abin da ya zo da shi.

"Mu 'yan Zongo ai ba ma biyan haraji"

Wannan na sha jinta har daga bakin manya, wasu ma da alfahari suke faɗa. Gaskiya ne yawancinmu ba ma kan albashi, ba wanda ke cire mana komai a ƙarshen wata. Gaskiya ne kuma ɗanyen abincin da aka noma a ƙasar nan, doya, masara, gero, rogo, ba VAT a kansu, haka kuɗin trotro.

To amma shinkafar waje fa? Sukarin da kuka zuba a atayar nan fa, da ganyen shayin kansa? Siminti, kwanon rufi, taya, batir, kayan gyaran babur da ake saye a Suame Magazine, atamfar sallah? Kai ko kiran waya ka yi akwai wani harajin sadarwa na daban da aka kawo tun 2008, yanzu kashi 5 ne. Ita doyar da aka ce ba haraji, motar da ta ɗauko ta daga Techiman da ruwa take tafiya? Kowace lita akwai haraji kala-kala a cikinta, direba kuma ba daga aljihunsa zai biya ba, a kan doyar zai ɗora.

Matsalar ita ce mai kantin unguwa ba ya ba ka rasit, sai ka ɗauka tsada ce kawai ta zamani. Harajin an riga an biya shi tun a Tema ko a wurin babban dila, ya narke cikin farashi kamar gishiri a miya. Ma'aikacin banki yana ganin nasa a rubuce yana ƙorafi, kayayo mai dako da ke kwana a bakin shago tana biyan nata ba ta ma san ta biya ba. Shi ya sa gwamnatoci ke son irin wannan harajin, ba ya ihu.

Abin da ya sa ban yarda da "mutumin kirki ne" ba

Matasan yanzu da yawa ba a haife su ba lokacin Kume Preko. A 1995 gwamnatin Rawlings ta kawo VAT karon farko, kashi 17.5, farashi ya tashi, ranar 11 ga Mayu mutane suka cika titunan Accra, an rasa rayuka a ranar, kuma ba a jima ba gwamnati ta janye harajin. Cikin waɗanda suka jagoranci wannan zanga-zangar akwai Nana Akufo-Addo. A ƙarshen 1998 aka dawo da VAT ɗin a kashi 10, a hankali ba hayaniya.

Daga nan sai hawa. Aka ƙara 2.5 saboda asusun ilimi na GETFund, zamanin Kufuor aka ƙara wani 2.5 saboda inshorar lafiya, zamanin Mahama na farko jimla ta kai 17.5, daidai adadin da aka mutu a kansa a 1995. Sai shi jagoran Kume Preko ya hau mulki a 2017, a zamaninsa aka kawo harajin korona kashi 1 a 2021, aka ɗaga VAT zuwa 15 a 2023, in ka haɗa da yadda ake ɗora wani kan wani abin ya kai kusan kashi 22. Har wutar lantarkin gida aka so sa wa VAT a farkon 2024 sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka yi barazanar fitowa titi aka dakatar.

Ga kuma E-Levy, harajin tura kuɗi ta waya, wato momo. Kowa ya tuna Bawumia da bakinsa ya taɓa cewa bai ga dalilin sa wa momo haraji ba tunda talakawa ne suka fi amfani da shi. Gwamnatin da yake mataimakin shugaba a cikinta ta kawo shi, 'yan majalisa har dambe suka yi a Disambar 2021, aka fara cira a Mayun 2022 kashi 1.5, daga baya aka mayar 1. An yi hasashen zai kawo sidi biliyan 6.9 a shekarar farko, ko kusa bai je ba, don mutane komawa suka yi ɗaukar kuɗi a hannu. Da ya samu tikiti sai ya ce shi ma zai soke, ai da can yaron mota ne shi ba direba ba.

Kada 'yan lema, wato 'yan NDC jam'iyyar Mahama, su yi dariya tukuna. Eh Mahama ya soke E-Levy da harajin caca a Afrilun 2025 kamar yadda ya yi alkawari, an cire na korona ma, wannan a yaba. Amma a 2025 ɗin dai aka ɗora sidi ɗaya a kan kowace litar mai wai don biyan bashin wuta. Mai pragyar da ya ce zai ɗauki lasifika kyauta, ya lissafa lita nawa yake sha a rana ya gani ko an sauke masa kaya ne ko an sauya masa kafaɗa.

Ban kawo wannan don in ce duk maƙaryata ne ba. Wasu cikinsu na yarda da zuciya ɗaya suka yi maganar a lokacin. Sai dai kujerar tana da nata halin, in aka zauna aka ga baitulmali wayam, ga IMF a tsaye da takarda, abin da ya fi sauƙin kamawa shi ake kamawa, kuma ba abin da ya kai harajin saye sauƙin kamawa. Kirkin mutum ba ya hana wannan.

"To da me za a yi aiki in ba haraji?"

Wannan hujjar tana da nauyi, ba zan yi kamar ba ta da shi ba. Harajin da Gana ke tarawa bai wuce wajen kashi 13 zuwa 14 na arzikin da ƙasar ke samarwa ba, ya yi kaɗan. Yawancin masu aiki ba su da rajista a ko'ina, ba yadda za a bi su ɗaya-ɗaya. Katin inshorar da mahaifiyata ke zuwa asibiti da shi, mafi yawan kuɗinsa daga wannan 2.5 ɗin yake fitowa. In wani ɗan takara ya zo ya ce zai soke VAT gaba ɗaya ni ne na farko da zan ce ƙarya yake.

Ni ba sokewa nake nema ba. Tambayata ita ce me ya sa kullum in aka tashi neman kuɗi hannu ɗaya ake murɗawa? Je ka East Legon ko nan Ahodwo ka ga gidajen da ko a Dubai sai haka, ka tambaya nawa ake biya musu na harajin gida a shekara, in ma ana biya. Ga manyan kamfanonin da ake yafe wa harajin shigo da kaya da sunan jawo masu zuba jari. Ga zinariyar da ke fita ta bayan gida. Ga masu gidajen haya goma-goma da ke karɓar kuɗin shekara biyu a dunƙule ba wanda ya san da su. Waɗannan kamawarsu da wuya saboda suna da lauyoyi kuma su ne ke ba da kuɗin kamfen, Hajiya mai wake kuwa ba ta da kowa sai Allah.

Saboda haka tambayar da za a yi wa ɗan takara ba "za ka rage haraji?" ba ce, wannan kowa zai ce eh. A ce masa, in kuɗi ya gaza, wa za ka fara taɓawa? Waɗanne kaya ne ka yi alkawarin ba za ka ƙara musu ba, ambaci sunansu? Kuɗin inshorar lafiya da na GETFund da ake karɓa da sunansu, za ka bar su su tafi inda aka ce ko za a karkatar? A sa shi ya faɗa a gaban waya ana ɗauka.

"Kawu mu ba deliget ba ne"

Ɗan yayana ne ya faɗa min haka washegari da na sake tayar da maganar. Wai su ba su da ƙuri'a a zaɓen fid da gwani, to wa zai saurare su.

Haba. Su deliget ɗin daga sama suka faɗo? A Nuwambar 2023 mutum wajen dubu 200 ne suka zaɓa wa NPP ɗan takara, Bawumia ya samu kashi 61 da ɗoriya, Kennedy Agyapong ya samu 37, kuma wannan 37 ɗin da ya ba mutane mamaki ba manyan jam'iyya ne suka ba shi ba, yawancin ministoci da 'yan majalisa suna ɗaya ɓangaren, daga ƙasa ta taso. Na NDC ma sun haura dubu 300 a zaɓensu na Mayun shekarar. Su wane ne waɗannan dubban? Shugabannin rumfunan zaɓe ne da na rassa, wato tela ne na kan kwana, malamin makarantar allo, matar da ke sayar da koko da ƙosai, mai gyaran waya a Alabar. Tare kuke sallah, tare kuke zaman makoki. Deliget ba ya son ya zaɓi wanda unguwa za ta yi masa dariya a kai, shi ya sa 'yan takara ke son a ga matasa na binsu, hayaniyarku ce ke nuna wa deliget inda iska ke kaɗawa.

To in hayaniyar tana da daraja haka me ya sa za a bayar da ita a kan tishat da kai ka buga da kuɗinka? Kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi kenan. Ranar zaɓe deliget zai karɓi ambulan ɗinsa na "kuɗin mota", wannan ba sirri ba ne kowa ya sani, ku kuma muryarku ta dishe.

Akwai kuma masu cewa ai namu ne, ɗan arewa ne, ko musulmi ne, ko ya taso a Zongo, tambayarsa irin wannan kamar tozarta shi ne a gaban bare. Ni a ganina naka shi ya fi cancanta ka tambaya, don shi ne zai zo har cikin gidanku ya zauna a tabarma. Mun ga an yi mana ma'aikata sukutum ta raya Zongo a 2017, bayan shekara huɗu aka rufe ta, an samu filayen ƙwallo na roba da wasu gine-gine ban musa ba, amma farashin buhun siminti bai tambayi addinin kowa ba. Mai kanti bai taɓa ce min tunda sunanka kaza an cire maka VAT ba.

Wani dattijo a masallacinmu da na ba shi labarin ya ce min in bar yara su yi siyasarsu, mu ma mun yi namu haukan a zamaninmu. Gaskiyarsa, ni ma na bi mota a baya ina ihu tun daga Asawase har filin wasa, ƙafa ba takalmin kirki, kuma in ka tambaye ni a ranar me mutumin ya ce zai yi da haraji da sai dai in ce maka mutumin kirki ne. Abin da ya sa nake maganar kenan.

Jiya da daddare yaron Tek ɗin ya turo min saƙo, ya ce ya sake lissafin 23 da 30 ɗin ya ga haka ne, amma shi har yanzu yana ganin tsarin zai iya aiki in aka cire abinci da magani, muka ɗan yi musu har wajen sha biyu ban iya juya shi ba shi ma bai juya ni ba. Ya ce an ce musu kodinetan ɗan takarar zai zo bes ranar Juma'a bayan la'asar ya kawo musu fosta, kuma ya rubuta tambayoyi uku a wayarsa zai yi masa a gaban kowa. Ɗan yayana kuma ya roƙe ni wai dan Allah Kawu kada ka zo ranar, za ka ɓata mana taro. Na ce masa cajata dai har yanzu tana wurinsa.